Tsagar da Wanzami Ya Yi Min a Diddige

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannunku da aiki. Ni ce Iya Tabawa daga Roni. Tun da mijina ya rasu, da surfe da daka nake ci.

Bana diddigena na dama ya fara ciwo. In na sauke ƙafa da asuba, kamar na taka ƙusa. Maƙwabciyata ta ce, "Iya, asiri kika taka, je ki wajen wanzami." Na je, ya tsaga wurin, ya shafa gari. Ashe ina da ciwon suga ban sani ba. Yau wata biyu tsagar ba ta rufe ba, har ta fara wari.

Likita a Kazaure ya ce babu wani asiri. Tsayuwa ce a gaban turmi wuni guda babu takalmi, ga tsufa, ga ƙiba. Ya ce, "Iya, in ya kai ƙashi, sai an yanke ƙafar." Ran Talata za su duba.

Ku tambayar min likitan shirinku, ƙafar nan za ta tsira? Ku kuma 'yan'uwana masu daka, kowacce ta hana aska taɓa diddigenta.