Sun Sa Mini Suna Mai Dalma

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rahila. Yau maganata da ku ce, 'yan makarantar da ke can baya kuna mintsinin juna. Ina ganin ku sarai!

A Bagega na tashi, Babana yana gyaran injinan niƙa dutsen zinariya. Da gubar dalmar da ke cikin ƙurar dutsen ta kama yara, har da ni. Na sha magani, Allah ya tashe ni. Muka koma Anka, aka sa ni sakandare.

Ashe labarina ya riga ni isa. Wata ƙatuwar yarinya a ajinmu ta ce dalma ɗaukarta ake yi kamar ƙyanda, ta sa mini suna Mai Dalma. Ba mai zama benci ɗaya da ni. In na taɓa moɗar randar aji, sai ta make mini hannu. Kun san zafin Anka, haka nake wuni da ƙishirwa.

Ban gaya wa kowa ba. Inna ta sha wahalar jinyata, in ƙara mata wata? Sai na riƙa ƙaryar ciwon kai don kada in je makaranta. Inna ta tsorata, ta ɗauka dalmar ce ta dawo. Ta ce wa Baba, "A bar ɗiyar nan gida, karatun ya isa haka."

Wayyo! Ni da nake son zama nas! Na shiga ɗaki na durƙusa ina kuka, na ce, "Yesu, kai ka wanke jinina, ka buɗe mini baki."

Na fito na tarar da Inna tana tankaɗe, na zayyane mata komai. Ta ajiye rariya. "Shi ne kika yi shiru? Miƙo mini mayafina!"

Muka je makaranta, Malam Sanusi, malamin ajinmu, ya saurare mu har ƙarshe. Ya kira ni gaban aji, ya ɗebo ruwa da moɗar randar. "Sha, Rahila." Na sha. Ya karɓa ya shanye sauran, ya ce, "Ba a ɗaukar dalma a jikin mutum. Duk wanda ya ƙara taɓa Rahila, da ni yake yi."

Halleluya! Bana nake gama sakandare, hankalina kwance. Na gode wa Ubangiji.

Ƙannena, in ana cin zalinku, ku gaya wa Yesu, zai ji ku. Sannan ku tashi ku gaya wa babba. Da na ci gaba da yin shiru, da yanzu ina gida, Inna tana nema mini maganin ciwon da ba ni da shi.