Randar da Na Kife a Ƙofar Gida

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, da aka fi sani da Maman Dauda, gwauruwar marigayi Ayuba na Akurba. Ban yi boko ba. Malama Rifkatu ta zumuntar mata ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na roƙe ta kada ta rufa mini asiri ko a wuri ɗaya.

Duk wanda ya san gidanmu ya san randar da ke ƙofa, ƙarƙashin mangwaro. Maigidana ne ya ajiye ta tun muna da ƙarfi. Kowace safiya, bayan ya karanta mini Littafi Mai Tsarki mun yi addu'a, sai ya cika ta, ya ɗora moɗa a kan murfi. Masu keke napep suna sha, masu dawowa daga gona suna sha. Ba ya tambayar kowa addininsa.

Cikin masu sha akwai Adama, Bafulatana mai tallar nono, tsarata ce. Takan sauke ƙwaryarta ta huta a inuwar. Nakan tsokane ta in ce, "Adama, nonon yau rabinsa ruwa ne." Sai ta ce, "In kin ji ruwa a ciki, na randar mijinki ne, je ki kama shi." Mu yi ta dariya har Baban Dauda ya leƙo ya ce, "Ku tsofaffin nan, ba ku da aikin yi ne?"

Bara, shanu suka shiga gonarmu ta wajen Ashige, suka tattake doyar duka. Maigidana yana da hawan jini. Ya je ya gani, ya dawo bai iya cin tuwo ba. Kafin mako ya zagayo ya faɗi, muka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Har yau ba mu san ko shanun wane ne ba. Ba na su Adama ba ne, rugarsu ma ba ta wannan gefen take ba. Na san haka sarai, 'yan'uwa. Na sani!

Adama ta zo zaman makoki da man shanu a 'yar ƙwarya, ta durƙusa ta yi mini gaisuwa. Na juya mata ƙeya. Da mutane suka watse, na fita na zubar da ruwan randar nan, na kife ta.

Wata rana da bazara, rana tana dukan ƙasa kamar wuta, na ji sallamarta. Ta tsaya tana kallon randar.

"Maman Dauda, fashewa ta yi?"

"Ba ta fashe ba."

"To, taimaka mini da ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Duro cike da ruwa yana bayana. Na buɗe bakin nan nawa da nake yabon Allah da shi, na ce, "Je ki sha inda shanunku suke sha."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni! Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa." Ta tafi a hankali, tana jan ƙafa.

Daga ranar addu'a ta ƙi ni. In muka tashi yin Addu'ar Ubangiji a majami'a, muka kai wurin roƙon gafara kamar yadda mu ma muke gafartawa, sai harshena ya yi nauyi. Na daina cin Jibin Ubangiji. Mata suna cewa baƙin cikin rashin miji ne, suna kawo mini abinci, suna tausaya mini. Ni kuwa ina karɓa, na bar su a haka.

Ranar wani taron zumunta, Malama Rifkatu ta karanta wurin da Yesu ya ce ya ji ƙishi, ba a ba shi ruwa ba. Wurin nan maigidana ya sha karanta mini shi, har na haddace. Amma ranar, muryar Adama na ji. Na faɗi a kan gwiwoyina ina kuka, na ce, "Ni ce! Ni na hana shi!" Na faɗa musu komai. Matan suka kewaye ni suka yi addu'a, ni ma na ce, "Ya Ubangiji, ka ji tausayina, na rama mutuwar mijina a kan wadda ba ta yi mini komai ba." A nan bakina ya buɗe, na kai Addu'ar Ubangiji har Amin. Yabo ga Ubangiji!

Washegari na hau keke napep, na ƙarasa da ƙafa har rugarsu. Babu kowa, sai duwatsun murhu da toka. Wani dattijo da ke zaune kusa ya ce sun tashi tun farkon damina, kuma Adama ba ta da lafiya sa'ad da suka tafi. Bai san inda suka nufa ba.

Fasto ya ce mini Allah ya gafarta, kuma na gaskata. Amma ban ji daga bakin Adama ba, ban ma san ko tana da rai ba. Wannan ne nake ɗauke da shi.

Na tayar da randar, na wanke ta. Kowace safiya ina cika ta, ko da bayana yana ciwo. Duk mai tallar nono da ta tsaya sha, sai in ce, "In kin haɗu da Adama mai wushirya, ki ce mata Maman Dauda ta tuba, ruwanta yana nan."

Na gode wa Yesu da bai bar ni na mutu da wannan zuciyar ba. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku taya ni addu'a ya dawo mini da ita ko sau ɗaya. Wanda kuma ya kife randarsa saboda wani, ya je ya tayar da ita yau, tun mai ƙishin yana kusa. Amin.