Raliya Maccido, Mai Duba Mata, Ta Bar Mu

Ranka shi daɗe Hakimi, Allah gafarta Malam Liman, Alƙali, dattawan Illela, Baba Malam Maccido, Inna Lubabatu, da kai Maharazu mijinta: assalamu alaikum.

Ni Dabo, malaminta na elementare, aka ce in yi magana yau kwana arba'in. Da an ba ni zaɓi da na yi shiru.

Shekarar da aka samu mulkin kai Raliya ta dawo daga karatun ungozoma a Sakkwato. Ta kasance ɗiyarmu ta farko da ta sa farar riga. Ta kasance mai zama kan tabarma da mata, tana magana da harshensu.

Mun tuna wata yarinya ta ƙauyen Kalmalo da ta fara ƙirgar dangi, ƙirjinta ya kumbura, har an kira wanzami da ƙarfen sakiya. Raliya ta riƙe hannun uwar ta ce, "Inna, mi za ku ƙona? Akwai ƙananan halittu cikin jini, ido bai ganinsu, su ke gadin jiki. Yanzu sun taru nan suna share hanyar da nono zai bi. Ku bar su su yi aikinsu." Aka bari. Yarinyar ta warke.

Ta kasance mai roƙon masu jego kada su zubar da dakashi, nonon farko, don shi ne garkuwar jinjiri.

Sai ga shi da daminar bana Raliya ta haifi ɗiya mace, nononta ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Ta san ciwon, ta san maganinsa, amma babu shi a garin nan. Ruwa ya yanke hanyar Sakkwato, motar da ta ɗauke ta zuwa asibiti ta kafe cikin laka. Nan ta cika.

Yau ɗakin da take duba mata a kulle yake. Matan Tozai da Araba suna zuwa, su tsaya, su koma. Mun tambaya wa za a turo a madadinta, ba mu ji amsa ba. Iyayen da suka yi niyyar sa ɗiyansu mata makaranta sun janye.

Baba, Inna, ba mu da kalmar da za ta isa. Maharazu, sai haƙuri. Ummu ƙanwar Raliya, ke da kike shayar da marainiyar yayarki tare da ɗanki, garin nan ya gode.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah shi jiƙan Raliya, shi haskaka kabarinta, shi raya abin da ta bari. Mu kuma, ya Ubangiji, ka dube mu. Amin.