Kirsimetin da Kwalaye Suka Zo Gaida Uwa

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Inna Rabi ce daga unguwar Grand Concourse a New York.

Wata tsohuwa Kirista nake kula da ita, 'ya'yanta uku duk a garin nan. Ranar Kirsimeti na yi mata kwalliya, na gasa kaza, ta zauna tana kallon ƙofa. Sau huɗu aka ƙwanƙwasa, duk ɗan aiken kanti ne da kwalin kyauta. Na ƙarshen har ta ce masa, "Ɗana, zauna ka ci mana." Ya ce sauri yake.

Tir! Ni da ba bikina ba, ni na taya ta cin kazar, tana hawaye.

Jama'a, 'ya'yan ne suka ɗauke ni aiki. In wanke su tas, ko in haɗiye?