Ranar da Aka Zo Binne Baba Yana Minshari

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bitrus mai gyaran tayar keke a bakin kasuwa. Kun san bakina ba ya rufuwa, ko a gidan makoki sai matata ta taka mini ƙafa. Amma yau da fushina na hau nan, Fasto kuma ya ce in faɗe shi yadda yake.

Bara Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, na ɗauko shi daga ƙauyenmu Duvu zuwa gidana a nan Mubi. Baba dogo ne mai ƙashi, ko da ya rame ya fi buhun masara nauyi. Safe da yamma ni nake ɗaga shi. Da rana ina shago, sai matata Saratu ta juya shi, ta wanke shi, ta wanke abin da ba a faɗa a majami'a. Bayanta ya lanƙwashe. Baba kuwa ba ciwon ne ya fi cin shi ba, kunya ce. Surukarsa tana ganin tsiraicinsa. Yakan juya fuska ga bango, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Yana da gona a Duvu, ta bakin mayo, wato rafi, wadda ya sare da hannunsa. Ya ce a sayar, a ɗaukar masa namiji mai jinya, a sayi magani. Jauro, mai garin, ya ce ba zai shaida ciniki ba sai 'ya'ya sun haɗa baki. Na kira yayana Istifanus a Yola. Ya ce sam, ƙasar gado ce, ba a taɓa ta, in yi haƙuri in dogara ga Allah. Na ce to ya aiko da wani abu. Ya ce ba a biya albashi ba. Mutumin da tumbinsa ke shiga ɗaki kafin shi ya iso!

Daga nan fushi ya kama haya a ƙirjina, bai biya ko sisi ba. Jinina ya hau har mai awo a asibiti ta girgiza na'urar, tana zaton ta lalace. Na daina barci. Ina zagin kwastoma a kan iska. Idan ana addu'a a nan aka zo wajen gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi tari in wuce wurin. Wasunku kun ba ni alewar tari, Allah ya sāka.

Sai Baba ya kama shaƙuwa, kwana da kwanaki ba ya runtsawa. Wata safiya ta lafa, ya yi barci mai nauyi. A daidai lokacin Istifanus ya kira Saratu, abin da yake yi in ya tuna muna duniya. Ta ce masa cikin murna, "Yaya, mun gode Allah, yau dai Baba ya huta." Wayarta ta mutu a nan, babu wuta a unguwa, tawa kuma tana wurin mai gyara.

Kun san abin da muke nufi in muka ce tsoho ya huta.

Ina zaune a shago sai ga Malam Buba maƙwabcina mai walda, ya cire hula yana yi mini gaisuwar rashi, ashe Yaya ya riga ya baza labari ta waya. Na bar shagon a buɗe, na tare keke ina kuka kamar akuyar da aka ɗaure. Na faɗa ɗaki. Baba yana minshari har labule na motsi.

Ban gama dariya da share hawaye ba, la'asar ta yi, sai ga motoci a ƙofa. Istifanus ne da 'yan'uwa mata suna kururuwa. Mutumin da ba a biya albashi ba ya biya ta kasuwar shanu ya ɗauko saniya mai tozo. Matarsa ta zo da samfurin atamfar anko. An riga an yi wa kafinta maganar akwatin gawa. A bayansu kuma ga wani ɗan kasuwa da babbar riga. Kafin in buɗe baki Yaya ya ja ni gefe, ya ce wannan shi ne mai sayen gonar, dole a sayar don a yi wa Baba jana'izar da Mubi ba za ta manta ba.

'Yan'uwa, gonar da ba a taɓawa don mai rai, ta sayu kafin rana ta faɗi don gawa.

Idona ya rufe. Ban san lokacin da tabarya ta shigo hannuna ba. Saratu ce ta cafke rigata, da wannan bayan nata mai ciwo, ta ja ni ɗakin Baba ta ce, "Baban Alheri, durƙusa."

Na durƙusa, amma ba addu'ar littafi na yi ba. Na ce, "Yesu, ka ga abin da na gani. Ka riƙe hannuna yanzu, in ba haka ba gobe za a yi jana'iza a gidan nan da gaske, kuma ba ta Baba ba ce. Na gaji. Ka yi maganar da kanka."

Hannuna ya saki. Tabarya ta faɗi, ƙararta ta tada Baba. Ya saurari kukan da ake yi a waje, ya tambayi wa ya mutu. Na ce, "Kai ne, Baba." Sai ya ce a sa masa rigarsa ta Lahadi a fitar da shi.

Muka ɗauko shi a kujera. Masu kuka suka haɗiye kukan, wata gwaggonmu ta tsallake katangar da ko saurayi sai ya yi shawara. Baba, wanda harshensa ya yi nauyi tun bara, ya yi magana kowa ya ji.

"Istifanus, ashe gonar tana sayuwa?"

Yaya ya sunkuya.

"To mai sayen ya matso. Ni zan sayar da ita, ina numfashi. Saniyar kuma tawa ce, ko? A yanka, ina son farfesu."

Washegari aka je gaban Jauro, Yaya ya yarda da bakinsa. Kuɗin yana banki da sunan Baba, ba da sunana ba, ba da nasa ba. Yanzu akwai wani bawan Allah da ke zuwa kullum ya yi masa wanka, maganinsa ba ya yankewa. Ya kuma faɗa mana a gaban Fasto yadda yake so a binne shi: a Duvu, kusa da Mama, ba anko, ba ajiye shi a firji ana jiran mutanen birni. Jinina ya sauka. Istifanus na yafe masa, ko da yake sai na sake yafewa duk lokacin da na ga lambarsa.

Fushina da ya rage naku ne. Akwai mu a nan da tsohonmu yana kwance kan tabarma mai zarni, mu kuwa muna ajiye ƙarfinmu don ranar kanofi da jawabi. Wannan abin kunya ne a gaban Allah. A tashi daga nan a je a duba su.

Wanda kuma yake jinya shi kaɗai, yana jin zai fashe, ya kai wa Yesu fushin ɗanye, kada ya tsaya wanke shi. Ya ji ni da tabarya a hannu, zai ji ka. Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunansa. Amin.