Na Gani, Na Gode

AUTA: Halo? Salamu alaikum. Yaya?

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta, ya aka yi?

AUTA: Ikon Allah, yau dai an ɗauka! Ina wuni, Yaya?

YAYA: Lafiya lau. Ya kike?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya aiki?

YAYA: Da godiya.

AUTA: Ya gajiya? Ya Anti? Ƙafar tata ta daina kumburin?

YAYA: Ta daina tuni.

AUTA: Madalla. Ya yaran? Ɗan autan naku ya fara tafiya kuwa?

YAYA: Har gudu yake. Auta...

AUTA: Ya maƙwabta? Ya mutanen ofis? Ya manajan naku?

YAYA: Kowa lafiya. Kin ga, a bakin ɗakin taro nake tsaye, hutun shan shayi aka ba mu. In akwai magana ki faɗe ta. In kuma doguwa ce ki turo min imel, kin san tsarina.

AUTA: Na san tsarinka. Duk kiran da na yi maka makon jiya abin da ka turo min ke nan: ina mitin, turo imel.

YAYA: To ai da gaske mitin ɗin nake. Sabon shafin kamfani muke ɗorawa a intanet, kuma duk rubutun da ke ciki a wuyana yake. Ko barcin kirki ba na... Halo? Kina ji na?

AUTA: Ina jin ka. Sabis ɗin nan ne, sai na jingina da taga. Ai na ga shafin naka. Ba kai ka turo mana shi da safe ba?

YAYA: Au, kin karanta? Kai, na ji daɗi! Wanne, na yadda ake rubuta imel ɗin? Wallahi ya karɓu. Manaja da kansa ya kira ni ya ce a cikin duk abin da muka ɗora ba wanda mutane suka tsaya a kai kamarsa.

AUTA: Na karanta shi tas. Har na haddace. A sa muhimmin abu a layin farko. Kan saƙo ya faɗi abin da ke ciki. Mai karatu ba shi da lokacinka.

YAYA: Shi ke nan fa! Mutum yana cikin mota ko yana kan layi a banki, da babban yatsa yake karatu. In bai ga abin da kike so a sama ba, ya wuce.

AUTA: Na kuma ga hoton da ka sa a ƙasa. Wanda ka zagaye da jan layi ka rubuta, misalin saƙon da ba wanda zai karanta har ƙarshe.

YAYA: Af! Wannan ne ya sa aka kira ni da sanyin murya? Haba Auta, ai na goge sunanki, ba wanda zai san naki ne. Kuma ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah: kan saƙo wai "Gaisuwa". A gaishe ni, a gaishe da matata, a bi yara ɗaya bayan ɗaya, har da mai gadin gidanmu. Fuskar waya ta cika ba a zo kan magana ba. Sau nawa zan koya miki?

AUTA: An yi dariya sosai a ƙasan rubutun. Wani ya ce mai wannan saƙon ya kamata a ƙwace masa waya.

YAYA: Mutanen intanet ne, ki rabu da su. Wasa ne... Ƙarar mene ne wannan a bayanki? Kamar ana jan ƙarfe.

AUTA: Gadon marar lafiya ake turawa. Bari in matsa su wuce.

YAYA: Gado? Ina kike?

AUTA: Asibiti.

YAYA: Asibiti kuma? Wa ye ba lafiya?

AUTA: Baba mana.

YAYA: Baba? Ba cewa kuka yi da sauƙi ba? Tun faɗuwar da ya yi a shago Inna ta ce min jiri ne, an ba shi magani.

AUTA: Haka ake cewa ai. Ka taɓa jin an ce ba sauƙi? Ya sake faɗuwa, Yaya. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

YAYA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe? Shi ne ba wanda ya gaya min? Auta, wane irin abu ne wannan? Uban nawa yana kwance a asibiti kina tambayata kumburin ƙafa?

AUTA: An gaya maka.

YAYA: Wa ya gaya min?

AUTA: Kana kusa da kwamfutarka?

YAYA: Tana kan tebur a ciki. Me ya kawo maganar...

AUTA: Shiga ka buɗe saƙon nan da ka zagaye da ja. Ba hoton ba, saƙon kansa. Ka gangara ƙasa, inda hotonka ya yanke.

YAYA: Dakata... Ku yi haƙuri, ku ci gaba, ina zuwa... To, ga shi. "Gaisuwa." Na buɗe.

AUTA: Karanta min. Da ƙarfi.

YAYA: "Ina kuma gaishe da mai gadinku, wanda ya ɗaukar min jaka wancan zuwan." Wancan zuwan? Ke yaushe kika taɓa zuwa gidana da jaka?

AUTA: Ci gaba dai.

YAYA: "Bayan haka, kada hankalinka ya tashi. Ina asibiti, ana kula da ni sosai. Sai dai bakina yana ƙara nauyi kullum, likita ya ce mai yiwuwa ya rufe gaba ɗaya. Akwai maganar da nake so in yi da kai, da bakina, ba ta hannun kowa ba. In aiki ya bari, ka zo a makon nan. In bai bari ba, Allah ya yi maka albarka. Ni ne..." Auta.

AUTA: Ƙarasa.

YAYA: "Ni ne mahaifinka."

AUTA: Ni hannu kawai na ba shi aro. Yana faɗa ina rubutawa, kalma ɗaya sai ya maimaita ta kafin in gane, yawu yana zubo masa ina gogewa. Sunan 'yarka ta biyu ya ƙi fita, na ce Baba a bar shi, na san wadda kake nufi. Ya ce a'a, sai ya faɗa da kansa. Sunan nan da ka shafe da baƙin layi.

YAYA: Wayyo Allah. Me ya sa ba ki sa a sama ba? Layi ɗaya! "Baba yana asibiti, ka zo." Shi ke nan! Ai kin san yadda nake...

AUTA: Na faɗa masa! Wallahi na faɗa masa. Na ce Baba, Yaya ya ce a riƙa fara masa da muhimmin abu. Ka san abin da ya ce? Ya ce ba zai firgita yaronsa yana tsakiyar mutane a wurin aiki ba. A gaishe shi tukuna, hankalinsa ya kwanta, sannan a faɗa masa a hankali.

YAYA: To ke ba sai ki sake turo wani daga baya ba? Ko saƙon waya?

AUTA: In sake turo me? Ai ka ba da amsa. Ko shayin da na haɗa masa bai huce ba amsarka ta shigo. Duba ƙasa, tana nan.

YAYA: "Na gani, na gode."

AUTA: Na gani, na gode. Gajere, ba ɓata lokaci. Yadda kake koyarwa.

YAYA: Auta, ba ni na rubuta ba. Wato... wayar ce take kawo irin waɗannan amsoshin a ƙasan saƙo, sai dai mutum ya taɓa. Ina cikin mitin, na ga gaisuwa ce, na taɓa.

AUTA: Au, ko rubutawar ma ba ka yi ba? Kai, Yaya. Da ka bar ni da wancan baƙin cikin, ya fi sauƙi.

YAYA: Kin karanta masa?

AUTA: Yana ta kallon wayar, ya zan yi? Ya ce me ka ce. Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce ba ragowa a ƙasa? Na ce babu. Sai ya ce, to madalla, ya gani.

YAYA: Ya Allah.

AUTA: Akwai wata kujerar roba da ya sa na aro daga masu jinyar gadon kusa da mu. Ya hana kowa zama a kai, ko Inna, wai taka ce in ka zo. Ranar nan ya ce in mayar musu da abarsu, kada mu tsare wa mutane kujera.

YAYA: Ki daina, don Allah ki daina.

AUTA: Ni ma cewa na yi ka karanta ka share mu. Na yi rantsuwa ba zan ƙara kiranka ba. Sai yau da na ga hoton nan ya yanke daidai kan mai gadi, na ce wallahi mutumin nan bai gangara ba. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

YAYA: Zan sa a sauke shafin. Yanzu zan je wurin manaja, sai ya sa hannu kafin a...

AUTA: Ka bar shi, mutane suna ƙaruwa. Ba don shafi na kira ka ba.

YAYA: Wace magana ce yake so ya yi da ni? Ya faɗa miki?

AUTA: Na tambaya, Inna ma ta tambaya. Ya ce taka ce.

YAYA: To ba shi wayar. Ba shi in ji.

AUTA: Ka ji me? Bakin ya rufe, Yaya. Tun shekaranjiya ko "ruwa" ba ya iya cewa.

YAYA: Halo? Me kika ce? Ya yanke.

AUTA: Bai yanke ba, ka ji ni sarai.

YAYA: ...Yanzu zan fito. Ko gida ba zan biya ba, tasha zan wuce. In na samu mota, gobe da safe ina nan.

AUTA: Allah ya kawo ka lafiya. Amma likita ya kira ni gefe ɗazu ya ce in akwai wanda za a kira, a kira shi yau. Ban gaya wa Inna ba, tana can tana ninke masa kaya wai na komawa gida.

YAYA: Ki faɗa masa ban karanta ba! Ki shiga yanzu ki ce masa wallahi ban san yana asibiti ba!

AUTA: Na faɗa. Ya rufe ido ya juya kai. Ya san ni da rufa maka asiri tun muna yara, ko gilashin shago da ka fasa ni na ce iska ce. Daga bakina ba zai yarda ba. Amma yana ji, kunnen lafiya lau. In ya gane magana yakan matse min yatsa da hannun dama.

YAYA: To sa masa a kunne.

AUTA: Saurara tukuna. Wayata ta nuna ja tun kafin in kira ka. Na baro caja a gida, soket ɗin barandar nan a fashe yake, na cikin ɗakin kuma na'urori ne a jiki, nas ba ta bari a taɓa. Inna ba ta zo da wayarta ba. In ta mutu, ta mutu ke nan.

YAYA: Shi ne kika tsaya gaishe-gaishe?

AUTA: Haka aka koya min a gidanmu. Ga ni na shigo. Ka rage murya, akwai mutane... Baba? Baba, ga Yaya a waya. Ya buɗe ido. Yaya, don girman Allah, ba lokaci. Abin da kake koya wa mutane, yi shi yanzu. Muhimmin abu a farko. Na sa masa.

YAYA: Baba... Salamu alaikum, Baba. Ni ne. Ina wuni?

AUTA: Yaya, faɗa masa.

YAYA: Ya jiki, Baba? Ya ƙarfin jikin? Allah ya ƙara sauƙi. Ya... ya Inna? Ya haƙuri da zaman asibiti?

AUTA: Tana ƙiftawa, Yaya! Za ta ɗauke!

YAYA: Yaran duk suna gaishe ka. Maiɗakina ma tana gaishe ka. Mai gadin nan namu, wanda ya ɗaukar maka jaka, kullum sai ya tambaye ka... Auta, ya matse? Ya matse yatsan?

AUTA: Bai matse ba. Kallon bango yake. Ka faɗa mana!

YAYA: To. To. Bayan haka, Baba, kada ranka ya ɓaci. Saƙon nan da ka aiko min, wallahi tallahi ban