Burodin da Hajiya take so ta kai tsaraba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Sadiya ce daga Agege, kuma wallahi kaina ya ɗaure.

Uwar mijina ta zo daga Katsina, ba abin karyawa sai burodi mai kwana uku, ya bushe ƙamas. Maƙwabciyata Bayarabiya ta ce in turara shi. Murhuna ɗaya ne, sai na ɗora shi a rariya bisa tukunyar miyar kuka. Ya yi laushi, amma ya kwashi warin daddawa.

Hajiya ta cinye tas, ta ce, "'Yar nan, ashe wannan ne burodin Agegen da ake faɗa! Sayo mini goma in kai tsaraba."

Jibi za ta koma. Jama'a, in faɗa mata kwantai na ba ta, ko in ɗora miya?